Zumar da Na Ɓoye wa Baba a Ƙauyenmu na Tsanyawa

Mun tashi ana sallame sallar asuba, ni da Baba, ko ruwan shayi bai gama tafasa ba. Waɗanda suka yi ta nemana a waya kwana biyun nan ba su same ni ba, ku yi haƙuri. Ƙauyenmu na tafi, can bayan Tsanyawa, inda sai ka hau tudun bayan masallaci kafin waya ta kama. Kayanmu ba yawa: jakar Baba, tawa, sai ɗan fulas da na zuba wa ƙanƙara na sa allurarsa ta ciwon suga a ciki.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Baba ya shekara shida da ciwon suga, bara aka mayar da shi kan allura, safe da dare. Ni ne ɗan bokon gidan, don haka ni ne likita, ni ne kuma ɗan sanda. Na hana shi sukari, na hana dabino, tuwon dare na mayar da shi rabin malmala. Wata biyu da suka wuce sai ya fara wani abu. Tsakar dare ya yi ta surutai cikin barci, wani lokacin har ihu, ya farka jagab da gumi, da safe kuma ciwon kai. In na gwada sugansa da safe sai in ga lafiya lau, wani lokacin ma ya ɗan hau, sai in ƙara matse tuwon. Me yake gani a mafarkin? Ya ƙi faɗa. Ya ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, tofi ake yi a juya kwanciya. Likitansa kuwa bai taɓa jin zancen ba, don wa ke kai wa likita mafarki? Hankalina bai tashi sosai ba sai ranar da na tarar ya rabar da manyan rigunansa uku. Washegari ya ce in kai shi gida wajen ƙanwarsa da mijinta Malam. Ni dai a zatona magani za mu nema.

A tasha muka samu bas saura mutum biyu, muka yi murna, ashe kowane biyu da suka zo haka ake faɗa musu. Mun fi awa muna jiran mutum biyun nan. Kuɗin mota ya kusa ninka na zuwana na ƙarshe, kwandasta kuma ya ce fulas ɗina ma kaya ne, sai da na buɗe masa ya ga allura sannan ya ce Allah ya sawwaƙe. Mutum huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata a bayan wani mai kaji. Wajen Dawanau manyan motoci sun tare rabin titi da buhunan hatsi, muka yi ta rarrafe. A Bichi direba ya tsaya shan mai, masu talla suka yanyame tagogi: ƙosai, awara, dafaffiyar gyaɗa, rake ferarre a leda. Na ga idon Baba a kan raken nan. Na saya masa gurji. Ya karɓa ya yi mini irin kallon da ake yi wa mai karɓar haraji, ya cinye.

Mun sauka Tsanyawa wajen ƙarfe goma. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk awaki ne a kwance. Muka ɗauki babur biyu muka shiga hanyar burji. Duk wanda ya daɗe bai je yankin nan da kaka ba, ya je ya wanke ido. An yanke gero an jera, dawa ta fi mutum tsayi, wake na yaɗo a ƙarƙashinta, mata da yara na cirar gyaɗa. Babu fili ko taku goma da aka bari haka nan. Gonar wani tana ƙarewa a jikin katangar gidan wani, ka fita daga wannan unguwa kafin ka gyara zama ka shiga wata. Daga babur ɗin da ke gaba ina jin Baba yana nuna gonaki yana kiran sunayen masu su, kusan kowane suna sai ya bi shi da Allah ya ji ƙansa. Abin ya tsaya mini a rai, amma na ce tsufa ne.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ma tana da suga, sai dai ƙwayoyi take sha. Tun ina yaro muke wasa da ita, yanzu kuma ta sa mini suna Likita. Tana ganin fulas ta ce, "Likita an iso da asibitin gaba ɗaya ke nan?" Aka kawo dambu da zogale, na tsaya a kan Baba ina ƙirga loma. Gwaggo ta kalle ni ta kalli yayanta, ta ce ya rame, na ce ai haka ake so.

Bayan la'asar na kawo musu buta zaure, shi da Malam, sai na ji Baba ya rage murya. Na tsaya a bakin ƙofa, ba don kyawun hali ba. Yana cewa Inna yake gani, mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun ina goye. Tana tsaye a ƙofar tsohon ɗakinta da ƙwaryar fura da ludayi, tana cewa ya zo ya sha. Shi kuma jikinsa na rawa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, yana kau da kai.

"Malam, ka san abin da ake faɗa a kan wanda ya karɓi abinci a hannun mamaci," in ji Baba. "Kullum ƙara matsowa take yi. Shi ya sa na ce bari in zo mu yafi juna."

Sai a nan na gane. Ashe ba magani na kawo shi nema ba, bankwana na rako shi yi. Malam ya ce gaibu sai Allah, kuma uwa ba ta nufin ɗanta da sharri, a raye ko a mace. Ya ce zai yi masa rubutu ya sha kafin ya kwanta, kwana uku.

Da daddare Gwaggo ta tuƙa tuwon sabon gero da miyar ɗanyar kuɓewa, ta zauna a gaban yayanta, ta ce in na isa in taɓa kwanon. Ban isa ba. Bayan isha'i Malam ya kawo rubutu a kofin silba, a gabana ya zuba zuma cokali biyu ya gauraya. Zuma! Na buɗe baki, kunya ta rufe mini shi. Ni da Baba ɗaki ɗaya aka ba mu, na kwanta ido biyu ina jiran ihu. Ban ji komai ba sai minsharinsa da kukan jakin maƙwabta. Rabonsa da barci irin wannan wata biyu.

Da safe kaina ya ɗaure. Murna zan yi, ko me? Na gwada sugansa, na ga ya hau fiye da yadda na saba gani, murnar ta koma ciki. Na ce a raina, rubutu ya yi aiki, zuma da tuwon Gwaggo kuma sun yi ɓarna, to sai a raba su.

Ranar nan Baba ya yi tafiyar da ban san yana da ƙarfinta ba. Muka je maƙabarta ya yi wa Inna addu'a, muka bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, muka zagaya tsohuwar gonarsu har gindin ɗorawar da ya ce a nan suke cin abinci in sun yi noma. Kusan duk gidan da muka shiga sai an kawo fura da nono, duk gidan kuma sai na ce a mayar, ba ya sha. Mutanen nan suna da kara, ba wanda ya ce mini komai, amma na san an yi da ni bayan mun fita.

Da magariba Gwaggo ta leƙa gidan suna a maƙwabta, na samu sarari na rage tuwon ya koma rabin malmalar da aka saba. Na yi masa allurarsa cif yadda take. Malam kuma zai je wajen karatu, sai ya miƙo mini kofin rubutu da 'yar kwalbar zuma ya ce in haɗa masa. Na ba Baba rubutun zalla. Zumar na tura ta ƙasan jakata, har ina jin daɗin dabarata.

Wajen ƙarfe biyu na dare na ji gurnani. Na haska fitilar waya. Baba ya jiƙe sharkaf har tabarma, hannunsa na karkarwa, ido a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Yana ta cewa, "A'a Inna, a'a." Na kira shi, ya amsa da wata magana da ba ta da kai. Na rasa abin yi. Aljanu ne? Rubutun ne ya tayar da su? Ajalin ne da yake faɗa? Na lalubo na'urar gwaji, wadda tun da na saye ta ban taɓa amfani da ita da dare ba, na soki yatsansa. Lambar da ta fito ban taɓa ganin mai ƙanƙantarta ba. Sai na ce batir ne ya mutu. Wallahi haka na ce. Ni abin da na sani game da suga shi ne hawa, kullum hawa nake tsoro, don haka hannuna ya tafi kan fulas ɗin allura.

Allah ya sa ihun da na yi ya tashi Gwaggo. Ta faɗo ɗakin da tocila, ta taɓa goshinsa, ta ga allura a hannuna, ta doke hannun nan har sai da allurar ta faɗi.

"Kashe mini shi za ka yi? Sauka ya yi, ba hawa ba! Ɗago mini kansa."

Ta kwance bakin mayafinta, sai ga sukari mai ƙwaya a ƙulle. Ta jefa cikin ludayi da ɗan ruwa, ta dama da yatsa. Ta kira shi, "Yaya, kana ji na? Haɗiye." Da ta ga yana iya haɗiyewa sai ta riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Ta ce ina zumar Malam, na zaro ta daga ƙasan jaka, ta kalle ni, kallon ya ishe ni. Minti goma sha biyar ɗin da muka yi muna jira sun fi tafiyar Kano zuwa Tsanyawa tsawo. Sannu a hankali rawar ta tsaya, idonsa ya dawo. Na sake gwadawa, lambar ta tashi. Gwaggo ta shiga ciki ta damo fura ta ba shi, ta ce ita ma in ta sha ƙwaya ta kwanta da yunwa haka take mafarkin ana bin ta a guje, shi ya sa ba ta rabuwa da sukarin nan. Da an faɗa mata mafarki yake yi da gumi, da tun jiya ta gane.

Baba ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Kowa a danginmu ya san ita ce ta ɗauko fuskar Inna.

"Yau na karɓa," in ji shi. "Ta matso har bakina, na sha. Na ɗauka shi ke nan." Sai ya ƙara da cewa, "Ashe ba kirana take yi ba. Yunwa ta ga ina ji."

Na fita tsakar gida na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare.

Da safe na je na faɗa wa Malam abin da na yi da zumarsa. Ya yi dariya har da riƙe gemu, ya ce shi ya yi nasa, ƙudan zuma sun yi nasu, ni kuma na zo na raba su aiki. Muka kamo hanya da hantsi, Gwaggo ta cika mana buhu da sabon wake, ta kwance ragowar sukarin mayafinta ta sa wa Baba a aljihu. Ba mu sauka a gida ba, kai tsaye wajen likitansa muka wuce. Ya ce mafarkin tsoro da gumin dare da ciwon kan safe duk alamu ne na saukar suga cikin barci, kuma gwajin safe kaɗai ba lallai ya nuna ba. Ya rage allurar dare, ya ce kada a kwanta da yunwa, a ajiye abin zaƙi kusa da gado, a riƙa gwadawa cikin dare lokaci lokaci, kuma kada wanda ya sake taɓa abinci ko allura da ra'ayin kansa. Wannan na ƙarshen ni yake kallo yana faɗa. Ya tambaye mu me ya sa wata biyu ba wanda ya gaya masa. Ni da Baba muka kalli juna.

Har yanzu in ka tambaye ni wa ya warkar da Baba, Malam ne ko zuma ko Gwaggo ko Inna, kaina bai gama warwarewa ba. Abin da na tabbatar shi ne wanda ya kusa kashe shi, kuma da kyakkyawar niyya. Tafiyar nan ta koya mini cewa suga yana kisa ta ƙasa kamar yadda yake yi ta sama, kuma mafarkin mai wannan ciwo, ko ba a ba kowa labarinsa ba, a ba likita.

Yau kwana tara Baba bai yi mafarkin ba. Har ya fara cigiyar rigunan da ya rabar. Jiya da daddare na kai masa ɗan kofin furar da likita ya amince da ita, na ce masa ai sai godiya, an rabu da wannan mafarki. Ya juya kofin a hannunsa bai sha ba tukuna.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Sai dai tun da na ƙoshi ta daina zuwa."