Ƙarfen da Ɗana Ya Binne a Gonar Tattasai

Ku matso kusa, ku ba ni kunnenku, wannan da idona na gan shi.

Shekarar da fetur ya yi wuya a Diffa, ɗana na fari ya kawo injin ban-ruwa mai aiki da rana gonarmu ta tattasai a bakin Komadugu. Ya jera baƙaƙen faranti suna kallon sama, ya rataye akwati a jikin itace, ya ja waya har gindin famfo a bakin ruwa. Sannan ya ce, "Inna, ke ce mai yini a nan. Sai kin koyi sunayensu."

Na ce ni da ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba?

"Sunan jikokinki nawa kika riƙe? Waɗannan ba su kai su ba."

Farantan su ne pano. Wutar da ke gudu cikin waya ba a ganinta, ita ce kuran. Ɗan hannun da ke cikin akwati shi ne disjonkter, in an danna shi ƙasa kuran ya tsaya. Harshena ya ƙi wannan sunan, matar ɗana tana ta dariya: "Inna, kamar kina tauna ƙashi!"

Da ya zo kan na ƙarshe, bai bar kowa ya yi dariya ba. Ya buga wani dogon ƙarfe cikin ƙasa, ya ɗaura masa koriyar waya. Ya ce, "Wannan mas. In kuran ya ɓace hanya, nan yake bi ya shige ƙasa. In babu shi, jikin mutum zai nema. Kuma wanda kuran ya riƙe, kar ki taɓa shi da hannu."

Daga ranar kullum na zo sai na fara duban ƙarfen nan. Yana nan, kansa a waje, shiru.

Muna da maƙwabci, wani dattijo makiyayi da gudun hijira ya kawo daga wajen Assaga. Rago ɗaya ya rage masa. A wurinsa duk ƙarfen da aka kafa a ƙasa turke ne. Ran da ɗana ya tafi kasuwar Maine, dattijon ya ɗaure ragonsa a jikin ƙarfen nan namu ya tafi salla. Ƙasa kuwa ta sha ruwa ta yi laushi.

Ina tsinkar tattasai na ji famfo yana tari. Surukata ta ce ciyawa ce ta toshe bakinsa, ta tattare zani ta nufi ruwa ba takalmi. Na ɗaga kai. Ga rago can nesa yana kiwo, igiyarsa tana jan ƙarfe a ƙasa, koriyar waya a tsinke.

Na kira ta. Ta riga ta dafa famfon.

Ba ta yi ihu ba. Tsaye take cikin ruwa, hannunta manne, haƙoranta a cije, idonta a kaina. Ƙafata ta so ta kai ni wurinta, amma na juya mata baya na ruga akwati, ina faɗin sunan nan mai ƙashi da ƙarfi, na danna hannun ƙasa. Da na waiwayo ta faɗi gefen ruwa.

Surukata ta rayu, sai dai yatsunta biyu ba su sake lanƙwashewa ba, da hagu take tsinkar tattasai yanzu. Ɗana ya sake binne ƙarfen, ya rufe kansa da siminti. Dattijon ya kawo ragon ya ce a yanka, muka ƙi. Da damina ta wuce ya tashi da shi zuwa Fulatari, ba mu sake jin labarinsa ba. Ni kuma har yau in na iso gona, wurin simintin nan nake fara zuwa kafin in gaida kowa.