Na Ɓoye Ɗana Daga Matar Da Ta Zo Taimakonsa

A lokacin ni mai suyar kifi ce a Haɗejiya, mijina ya rasu, kuma ban yarda da duk wanda ya shigo gidana riƙe da takarda ba. Ina da dalilina. Ina yarinya wani ma'aikaci ya tafi da yayana gidan gyaran hali, ya dawo ko ido ba ya iya haɗawa da mutane.

Ɗana na fari yana da shekara goma sha shida aka kama shi da abokansa sun kwashe kifi a ragar wani masunci. Alƙali bai tsare shi ba, sai ya haɗa shi da wata jami'ar walwala da za ta riƙa sa ido a kansa na wata shida. Matar akwai fara'a, fara'ar ce ma ta ƙara tsorata ni. Ta ce aikinsu ya canza yanzu, ba kamu ya kawo ta ba, so take ta sasanta shi da masuncin, ta sama masa wurin koyon gyaran injin ban ruwa. Na ce a raina, ai da daɗin baki ake farawa. Da ta tambayi halayensa na kirki don ta rubuta wa alƙali, sai na sunkuyar da kai. A wurinmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, ga kuma zargin tarko take ɗana mini. Haka ta fita ba ta rubuta komai ba.

Kafin zuwanta na uku na sa shi a kwalekwale, na tura shi yankan shinkafa wurin ƙanena a Guri. Kullum ta zo sai in ce ya fita. Ta haɗa ni da Allah, ta kira ni Yaya, ta ce in ba ta gan shi ba dole ta rubuta gaskiya. Na yi kunnen ƙashi.

Ta kuwa rubuta, aka ɗauko shi. A kotu ita ce ta tashi tana roƙa masa sassauci, har ta faɗi yadda yake ɗauko mini itace tun daga bakin kogi. Wurin maƙwabta ta je ta samo abin da ni na ƙi faɗa. Duk da haka wata takwas ya yi a gidan da nake guje masa.

Har yau abin yana cin raina. Iyaye 'yan'uwana, ku tambaya ku fahimci abin da ya kawo mutum kafin ku rufe masa ƙofa. Ni tsoron abin da ya sami yayana ya sa na kai ɗana can da hannuna.