Abin da Kaka Ta Roƙa a Jubilinta

Jiya ina kwashe kaya daga tsohon akwatin mamata sai na ci karo da wani zane ruwan ɗorawa, duk ya koɗe, da hoton kakannina a jikinsa. Ankon bikin cikarsu shekara hamsin da aure ne. Sai da na nemi wuri na zauna.

A unguwar Kurmin Sarki da ke Suleja muke lokacin, a gidan haya, cikin shekarun nan na wahalar man fetur. Kakana tsohon malamin firamare ne, irin waɗanda in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Ni kuma ga shegen tambaya. Da aka kawo katin gayyata na ga an rubuta jubili, na ce masa mene ne wannan kuma.

Ya gyara tabarau. Ya ce Turawa ma aro suka yi, asalin kalmar Ibrananci ce, sunan ƙahon rago. Duk shekara hamsin akan busa shi, bawa ya sami 'yanci, kowa ya koma ƙasar iyayensa.

Kaka na gefe tana ɓarar gyaɗa. Hannunta ya tsaya. Rabonta da ƙauyensu a duwatsun Filato ya kai shekara goma sha tara.

"To ku bar shinkafar bikin nan," in ji ta. "Ku kai ni gida in ga ƙanwata."

Aka kwashe da dariya. Babana ya ce, "Haba Mama, an buga kati, an sanar a coci, ga mai babu. Bari ruwa ya ɗauke." Ba zan ɓoye muku ba, na fi kowa jin daɗin amsar, don an riga an ɗinka mini riga.

Aka yi biki, matan zumunta suka yi ta waƙa har yamma. Kaka ta zauna a rumfa tana yi wa kowa murmushi. Ba ta sake ta da maganar ba.

Ruwa bai ɗauke ba ta rasu. A ranar aka sami mai, aka sami mota, har guda biyu, don kai gawarta ƙauyensu. Ƙanwarta ta tare mu a bakin hanya, ta dafa akwatin gawar, ba ta kalli kowa a cikinmu ba.

Yanzu Suleja ta cika ta batse, kusan kowane gida a danginmu da mota, tsofaffinmu kuwa a waya muke gaishe su. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, da hantsi muka tashi, kafin rana ta faɗi mun isa.