Yadda Muka Kai Dogon Allo Bahar daga Ƙurban

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwa na nan Madina da na gida masu ta tambayata yadda aka yi. Ku yi haƙuri in zancen ya karkace.

Fitowa daga Ƙurban

Ranar Alhamis muka tashi daga unguwarmu Ƙurban, ana idar da sallar asuba, gari bai waye ba. Mu uku ne: ni, da yayata Hindatu, da Kawu Abakar ƙanin Umma, mai motar ɗaukar kaya da muke ce wa wanet.

Ga dalilin tafiyar. Wurin iyo na mata da Yaya take koyarwa ya rufe tun bayan azumi, ita ce kuma ke riƙe da gidanmu. Sai ta ji wani wurin shaƙatawa na mata a bakin bahar, wato teku, kusa da Yanbu, yana neman mai koyar da hawan igiyar ruwa, wadda mu a nan muke ce wa moj. Shugabar wurin, Abla Nura, ta kafa sharaɗi ɗaya: Yaya ta zo da wadda ba ta taɓa shiga bahar ba, ta sa ta kama moj kafin magariba, a kan idonta. Duk Ƙurban babu wadda ta cika sharaɗin kamar ni. Ko tankin ruwan saman bene ba na leƙawa.

Allon da ake hawan moj da shi na aro ne, dogo, ƙafa tara, an shafa masa kaki don kada mutum ya zame. Umma ta ce rana za ta narkar da kakin, sai ta naɗe shi da tsofaffin haramin Baba, farare tas, ta ɗaure sama da tsakiya da ƙasa. Kawu ya kife shi a bayan mota, ɗan ƙegen da ke ƙasansa irin na kifi ya ɗago zanen kamar yatsun ƙafa. Da yake da duhu, babu wanda ya lura.

Shingen bincike

Mun wuce Ƙuba, mun hau babban titi, rana ta fito. Sai na ga motocin da ke wuce mu suna rage gudu, wani direba har ya ɗaga hannuwa. A shinge jami'in ya karɓi iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya zagaya baya, ya dawo ya miƙo mana su da hannu biyu.

"Allah Ya ba ku haƙuri, Ya jiƙansa," in ji shi da Larabci.

"Amin, amin," in ji Kawu, ya ja mota.

Yaya ta ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Addu'a aka yi mana, Hindatu. A ina kika taɓa ganin an mayar da addu'a?"

Badr

Kusan kilomita ɗari da hamsin daga gida. Mun tsaya cin ful da tamis, wato wake da burodi, wajen wani dattijo. Ya kawo shayi, ya ƙaro dabino, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Ya dubi bayan motar ya tambayi Kawu ko wane ne.

"Baƙo ne, ya sheikh. Bai daɗe a gidanmu ba."

"Ina za ku kai shi?"

"Bahar."

Dattijon ya ajiye buta ya zura hannu a aljihu yana neman waya zai kira 'yan sanda. Yaya ta tashi da gudu ta kwance ɗaurin, allo ya fito, shuɗi, da zanen furanni. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce riyal goma sha biyu ne, dabinon kuma biyar.

Yanbu, bakin ruwa

Sauran hanyar ba ta kai ta farko ba. Kafin azahar mun isa. Kawu ya tsaya a ƙofa saboda maza ba sa shiga. Abla Nura doguwa ce mai baƙin tabarau, ta dube ni ta ce wa Yaya, "Wannan kam ba ki yi ƙarya ba."

Bahar ɗin a kwance yake kamar faranti. An ce sai iska ta taso bayan azahar ake samun moj, don haka a kan yashi Yaya ta fara koya mini. Ta ce tashi tsaye ba shi ne wahalar ba, kama moj ɗin ne, kuma yawancin sababbi a wurin kwanciya suke lalacewa. Ta kwantar da ni rubda ciki, ta yi ta matsar da ni har ta sami wurin, ta ɗauko jan bakinta ta ja layi daidai haɓata.

"Nan za ki zauna, Safiya. Hancin allon ya ɗago daga ruwa kamar tafin hannu ɗaya, kada ya wuce. Ki haɗe ƙafafu. Dogon allo nauyi gare shi, ba ya tashi da wuri, amma in ya tashi ba ya tsayawa. Saboda haka tun moj tana nesa za ki fara tuƙi. Hannu ɗaya bayan ɗaya, ki zurfafa, ki ja har cinya. In kin ji bayan allon ya ɗaga kada ki tsaya, ki ƙara uku, ki ɗago ƙirji."

Na ce, "In na faɗa fa?"

"Ruwan iya ƙirjinki ne."

"Ƙirjina a tsaye, Yaya."

Ta ɗaura mini igiyar allon a idon sawu, doguwa baƙa, muka shiga.

Moj ta farko, tsoro ya sa na ja baya daga layin. Hancin allon ya kalli sama, moj ta wuce ta ƙarƙashina ko sallama babu. Ta biyu na matsa gaba sosai, hancin ya nutse, allon ya tura ni ƙasa da kai. Na sha ruwa mai gishiri, ɗankwalina baƙi ya tafi. Ta uku da ta huɗu na kwanta daidai, amma sai na tsaya ina kallonsu har suka iso, sannan na fara fafutuka da hannu kamar kazar da aka jiƙa. Muka fita sallar la'asar, muka koma. Rana ta fara ja. Na hango Abla Nura tana naɗe tabarmarta.

Yaya ta riƙe gefen allon. Muryarta ta sauya. "Safiya, don Allah. Guda ɗaya kawai. Waiwaya ki ga mai zuwa."

Na waiwaya. Moj ɗin tana can nesa. Amma kusa da ni, a bayana, wani baƙin abu ya taso saman ruwa, ya baje, ya sake nitsewa.

Na ce wata dabbar ruwa ce ta biyo ni. Tuƙi na kama yi zuwa gaɓa. Na sake waiwayawa, yana biye da ni. Na ƙara ƙarfi, shi ma ya ƙara. Hannuna har cinya, haɓata a kan jan bakin nan kamar an liƙa ta. Na ji bayan allon ya ɗaga, na ce shi ne ya kama, na ƙara ba uku ba, ban san adadi ba. Sai allon ya daina nauyi, ya zura da kansa. Ni kuma so nake ƙafafuna su yi nesa da ruwa, sai na janyo su ƙarƙashina na miƙe.

An ce na yi kyau. An ce hannuwana a buɗe, gwiwoyina a lanƙwashe. Ni abin da na sani, allon na taɓa yashi na dire na ci gaba da gudu, yana jana baya, baƙin abin yana bin mu duka. Sai da wata mai aikin wurin ta tare ni ta ciro shi. Ɗankwalina ne, ya naɗe a igiyar ƙafata.

Abla Nura ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce wa Yaya ta fara aiki ranar Asabar. Ta ce ba ta taɓa ganin sabuwa ta fara tuƙi da wuri haka ba. Sannan ta ƙara cewa matan da ke zuwa wurinta kusan duk matsorata ne, ba sa yarda da malama, sai sun ga irinsu ta yi. Don haka duk Alhamis Yaya ta riƙa zuwa da ni in nuna musu. Yaya ta ce ɗayyib, ta yarda, tun ban gama tofar da yashi ba.

Komawa

Mun yi magariba a Yanbu muka kamo hanya, ba mu tsaya a Badr ba. Ina kwance a kujerar baya, motar tana lilo da ni kamar har yanzu ina kan ruwa. Umma tana bakin ƙofa muka iso. Da Yaya ta gaya mata, sai ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka. Na zo da niyyar cewa ba zan koma ba. Da na gan ta, sai na wuce ciki na wanke gishirin kaina.

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu Abakar da motarsa, da wadda ta ara mana allo, da ku da kuka yi ta kira. Masu cewa na zama jaruma, ku daina, kofin shayi ma sai na riƙe da hannu biyu. Yaya tana tambayata yadda zan sake yin irin tuƙin nan alhali yanzu na san babu abin da ke bina. Ni ma ban sani ba. Jibi Alhamis, ku sa ni a addu'a.