Reshen Orval Tackett

"Wai reshe ya sace? Ba bindiga ba?"

"Reshe dai. Da zarto ma."

"To ai itace ya cika dajin."

"Kai dai sha kofinka, ba ka san farauta ba."

A gidan man garinmu na tsinci wannan hira, kuma na san da wa ake. Orval Tackett maƙwabcina ne. A injin yanka katako ya ƙarar da ƙarfinsa, ya fito da guntun yatsa da kunne ɗaya mai aiki. Abin da ya rage masa shi ne dajin bayan gidansa.

Mu nan Kentucky kowa ya san in kaka ta yi, namijin barewa kan tone ƙasa a ƙarƙashin reshe mai saukowa, ya yi fitsari, ya goga goshinsa a reshen, wato nan fagensa ne. Orval gwanin yin na bogi ne. Zai sa takalmin roba da safar hannu, ya karce ƙasa da sanda, ya ɗiga fitsarin wani namijin daga kwalba. Mai fage na sunsunawa sai kishi ya taso, ya dinga zarya da rana tsaka yana neman mai kutse. Amma Orval kan ce tonon ado ne, reshen ne ke kira, don warin shekaru na jikinsa.

Mutum ɗaya ya taɓa kaiwa wurin: Lonnie, ƙanin matarsa, wanda shi ya koya wa riƙe bindiga. Akwai wani ƙaton namiji mai ƙaho kamar kwando da Orval ya yi ta ɗaga wa ƙafa don ya gama cika. Bana idon Orval ya fara hazo, ya gaya wa Lonnie wannan ce farautarsa ta ƙarshe. Lonnie ya ce ko a mafarki ba zai taɓa namijin nan ba.

Ana gab da buɗe farauta Orval ya tarar an datse reshen. Ya zargi 'yan birni. Ranar buɗewa ya hau bishiyar da yake fako a kai duk da haka, yana zaune ya ji harbi a ƙetaren rafi. Ashe can Lonnie ya ɗaure reshen da waya, a gonarsa.

Ina tsakar gidan Orval lokacin da Lonnie ya kawo cinyar ƙaton namijin nan a leda, yana murmushi.

"Naman daji ba shi da ubangida, Yaya."

"Naman na Allah ne, ban ce komai ba. Reshen fa, wa ya nuna maka?"

Lonnie ya ajiye ledar a kan motar Orval ya tafi. Orval ya daɗe yana kallon tagar kicin, inda matarsa ke tsaye tana bin motar ƙaninta da ido. Sannan ya juyo mini da kunnen nan mai ji.

"Ita ba za ta rabu da ɗan'uwanta ba, ni ma ba zan sa ta ba. Ranar Lahadi a coci, don Allah ka zauna tsakanina da shi."