Liƙin Da Na Yi Wa Mai Jita A Guangzhou

Lokacin kaka ne, a shekarar da wahalar man fetur ta sa kowa ya koyi tafiyar ƙasa. Na bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, yara suna barci. Ni da Yaya Rabi muka tafi, wata 'yar kasuwa mutuniyar Maradi da ta saba zuwa Sin, har tana jin yarensu. Daga Kano sai Alƙahira, sai Bankok, kwana biyu kafin mu sauka. Ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ina zuwa na ga rubutunsu na koma jahila sabuwa fil.

Talata, Shiling

Garin masu ɗinka jaka ne, awa ɗaya da rabi a mota daga masaukinmu na unguwar Liuhua. Jaka ɗari biyu nake so a ɗinka mini, jarina ke nan duka, su kuma ba sa tayar da keken ɗinki sai jaka dubu. Mai masana'antar, Lawban suke ce masa, wato maigida, ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Amma ya gayyace mu kallon kiɗa.

"Yaya, ni da kiɗa? Da girmana?"

"Ke dai zo. Nan sai an zauna da mutum yake sassautowa. Ki yi shiru kawai, dama kin iya."

Laraba, otal

Ƙarfe biyar na yamma muka shiga. Wani tsoho ne baƙin Amurka, furfura fat, zaune a kujera da jita mai igiyar lantarki. Irin kiɗan da yake yi, wai bulus ake ce masa. Ya ja tsirkiya ɗaya ya murɗa ta, sai ta yi kuka kamar kukuma. Ya runtse ido yana waƙa, shi ya faɗa jita ta amsa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na san maraici yake faɗa. Gumi na zuba a goshinsa, mutane kuwa sun zauna ƙiƙam kamar a asibiti.

Abin ya dame ni. Dattijo yana wannan aiki ba mai fita kunyarsa? Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwance lalita, na hau dandamali, na manna masa naira hamsin a goshi. Na ƙara wata.

Kiɗa ya tsaya. Masu gadi biyu suka taso. Yaya tana ta "Hajiya! Hajiya, sauko, ba Fagge ba ne!" Tsohon ya ɓamɓaro takardar, ya juya ta, ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita goshinsa ya ci gaba. Lawban ko kallona bai yi ba.

"Kin ɗinka wa kanki jaka," in ji Yaya a mota. "Kuma da kuɗin da ko shayi ba zai saya masa ba."

Alhamis

Ƙarfe bakwai na ƙunsa kilishin guzurina na koma Shiling ban haƙuri. Lawban ya karɓa ya shinshina. Sai ya ajiye samfurin jakata da na bar masa ran Talata a tebur, ya sunkuyo da goshinsa yana nuna shi da yatsa.

Ya yi magana da yarensu, Yaya ta ce, "Wai zai ɗinka. Amma in aiki ya yi kyau, shi ma za a manna masa?"

Na gode wa Allah a zuci. Na ce, "Gaya masa ya fara yin gumin tukuna."