Dauda Abu Samin da Kujerun Motar Sidi Yunus

Wata safiya cikin sanyin shekarar 1368 ta Hijira, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidan wani attajiri a Jidda. Dattawa uku suka fito daga gidan bayan motar cikin fararen riguna: Sidi Yunus mai motar, ɗan kasuwar yadi a Makka, da ƙannensa biyu. Aure suka zo nema wa ɗansa. Ta gaba ba su da makusa ko kaɗan. Sai da suka juya za su hau matakala, direbansu Lurwanu ya ga kowannensu ɗauke da hoton kujerar motar a bayansa, daga kafaɗa har ƙasan cinya, layi-layi na maiƙo, har gurbin ɗinki ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ya kwaso alkyabbunsu da suka ninke don kada su yamutse, ya bi su da gudu ya yafa wa kowa tasa. Alkyabba ta rufe tabo, amma ba ta rufe ƙamshi ba. Lurwanu ya rantse mini cewa tun kafin a kawo gahawa kyanwoyin gidan biyu suka shigo suka zauna a bayan Sidi Yunus. Har aka ci abincin rana aka tashi, mai gida na cewa su cire alkyabba su sake, su kuwa suna cewa sanyi suke ji, gumi na bin gemunsu.

Man shanu ne. Wanda ya shafa shi kuwa Dauda ne, mai wankin motar, wanda tun daga ranar Hausawan unguwar Jarwal ba sa kiransa sai da Abu Samin, wato mai man shanu da Larabcin garin nan.

Ni na san shi tun kafin sunan. Badukun Kano ne, ɗan baduku, jikan baduku. Da ƙafa suka taso shi da matarsa Shatu, suka ratsa Cadi da Sudan, shekara shida suna hanya, duk garin da suka yada zango yana ɗinka takalmi da zabira da linzami. Da suka iso Makka sai ya sami abin yi a wajen masu sayar da ruwa, yana yi wa salkunansu faci. Ana nan sai garwar kananzir ta cika gari. Masu ruwa suka jingine salka suka koma rataya garwa biyu a sanda. Dauda ya dubi basillarsa, ya dubi garwa, ya ga babu inda zai soka. Shi ma sai ya nemi sanda ya shiga layi.

Ruwan ne ya kai shi gidan Sidi Yunus. Ran nan ya sauke garwa a tsakar gida, ya tarar an bar ƙofar motar a buɗe. Sauran mutane fitilunta suke kallo da ƙarfen gabanta mai ƙyalli. Dauda kuwa cusa kai ya yi ciki ya shinshina kujera.

Lurwanu ya ce, “Kai, malam, lafiya?”

Ya ce, “Fatar sa ce. Wanda ya jeme ta ya iya, Allah ya yi masa albarka ko da kafiri ne. Amma ƙishi take ji. Dubi nan, ta fara tsagewa.”

Lurwanu ya duba, ya ga tsagar, ya kai wa maigidansa labari. Kafin mako ya zagayo an ɗauki Dauda wankin mota, aka kuma ba shi ɗakin da ke jikin garejin.

Ɗakin nan sai an ɗan tsaya a kansa, don ba a fahimtar Dauda sai da shi. Kafin nan a gindin dutse suke zaune, cikin bukkar gwangwani da buhu, irin wadda in an yi ruwa sai a tashi tsaye a rungumi tabarma. Shatu na da ciwon gwiwa da tari, duk sanyi sai sun kwantar da ita. Wannan kuwa ɗakin dutse ne, da rufi, da taga, da ƙofa mai mabuɗi. Shatu ta ce ranar da ta rufe ƙofar nan da hannunta ne ta san lallai ta iso.

Sanyin Makka, in za a faɗi gaskiya, bai kai a yi masa suna ba. Wata biyu ne, safe da yamma, amma mutanen gari kan naɗe wuya da kunne sai ka ce daga jinya suka taso. Abin da yake kawowa na gaske shi ne ruwan sama sau ɗaya ko sau biyu, wanda kan gangaro daga duwatsu ya bi lunguna da laka, lakar ta maƙale a ƙarƙashin mota ta ci ƙarfe. Dauda na da dokokinsa a kan wannan. Ba ya taɓa motar da ruwa sai rana ta leƙo kan katangar gidan. Garwa ɗaya yake wanke ta da ita, don shi da ya ɗauki ruwa a kafaɗa ya san nauyinsa. Daga rufi yake farawa ya gangaro, ya tsane kowane gefe kafin ya koma wani. Laka kuwa sai ya kwanta a kan buhu ya kankare ta da tsinken itace tukuna ya sa ruwa. Abin da ya rage a gindin garwa na shukar lallen Shatu ne. Duk wannan babu mai aibata shi. A kujera aka sami matsala, inda ya fi kowa sani.

Ana gobe za a tafi Jidda aka gaya masa. Da ya dawo sallar asuba ya duba kujerun, ya ga busasshiyar iskar sanyi ta ƙara buɗe tsagar. A gidansu, fata in ta bushe man shanu ake ba ta, sirdi ne ko gafaka ko takalmi. Ya leƙa ɗaki.

“Shatu, ina ɗan man nan naki?”

“Malam, na tuwon Juma'a ne fa.”

“Kawo. Bayin Allah za su neman aure, ba za su tafi a kan fata mai kaushi ba.”

Ta miƙo kwanon, ya dawo mata da shi sai an kankare. Abin da ya manta shi ne, a Kano da tsakar rana ake yi wa fata mai, a shanya ta ta wuni tana sha. Shi kuwa cikin sanyin asuba ya shafa. Man ya daskare a cikin ɗinki da kowane lungu, fata ba ta sha ko ɗigo ba. Ya goge sama da tsumma, ya taɓa da bayan hannu, ya ji a bushe. Kujeru suka yi kyau irin wanda ba su taɓa yi ba. Dattawa suka shiga, suka sa aka ɗaga gilasai saboda sanyi. Kafin su kai Bahara, rabin hanya, rana ta ɗaga, zafin inji ya taso daga ƙasa, man Shatu ya farka.

Bayan la'asar suka dawo. Sidi Yunus ba mai ɗaga murya ba ne. Ya sa aka kira Dauda, ya cire alkyabba, ya juya masa baya, ya tsaya haka har Dauda ya gama karantawa. Sannan ya tambaye shi da Larabci, “Ya Hajji Dawud, mene ne wannan?”

“Man shanu ne, ya Sidi. Mai kyau ne kuwa, na Ɗa'ifa.”

“Na ji kyansa tun daga Bahara. Ranar Juma'a ka ba Lurwanu mabuɗin ɗaki.”

Ran nan Litinin ce. Dauda ya ce, “To, ya Sidi, a bar mini motar zuwa Juma'ar.”

“Ɗauki. Wa zai shige ta dama?”

Shatu ba ta yi masa faɗa ba, kuma ya ce da ta yi da ya fi jin sauƙi. Tukwanenta ta shiga ɗaurewa a tsumma ɗaya bayan ɗaya, tana dafa bango saboda gwiwa. Abin da ta ce kawai shi ne, “Man nawa dai ya ga Jidda. Ni tun da muka sauka daga jirgi ban koma ba.” Ga hadari yana ta taruwa a kan duwatsu kowace yamma, su biyun kuma sun san yadda bukkar gindin dutse take in ya sauko.

Da safe Dauda ya roƙi Lurwanu suka kwance kujerun suka fito da su tsakar gida. Ya jira rana ta take, man ya narke. Ya ɗumama dussa a kasko ya zuba a kai, yana murzawa da tafin hannu, dussa na tsotse maiƙo. In ta jiƙe ya share ya zuba sabuwa. Awakin maƙwabta suka gano inda yake zubar da tsohuwar, har ana cewa ba a taɓa ganin akuya ta yi sheƙi cikin kwana uku irin na wannan mako ba. Ɗinki kuwa da tsinke ya bi shi, rami-rami. Abin da fata ta sha a rana ya bar mata, abin da ta ƙi ya kwashe. Ranar Alhamis ya narka ɗan kakin zuma ya bi tsagar da shi, ya goge da gindin kwalba har hannunsa ya daina ɗaguwa. Suka mayar da kujeru.

Ranar Juma'a tun da hantsi ya sa Lurwanu ya ajiye motar a rana, gilasai a rufe. Da aka sauko daga masallaci ya tari Sidi Yunus a ƙofa, sanye da farar rigarsa, wadda ita ke nan gare shi, Shatu ta wanke ta ta buga.

“Ya Sidi, ga mabuɗi. Amma ka ba ni tsawon butar shayi ɗaya.”

Sidi Yunus ya karɓi mabuɗin, ya sa aka kawo masa kujera da shayi a inuwa. Dauda ya cire takalmi, ya shiga gidan baya, inda bai taɓa zama ba sai dai durƙuso, ya jingina sosai. Lurwanu ya rufe ƙofa. Shatu na leƙe ta taga. Sidi Yunus kuwa, Allah ya ba shi lafiya, bai yi gaggawar shan shayinsa ba.

Da aka buɗe, Dauda ya fito yana haki, ya juya baya yadda aka juya masa.

Sidi Yunus ya ce, “A jiƙe take sharkaf.”

“Gumi ne, ya Sidi. Wannan nawa ne, zai bushe.”

Ya tsaya a rana da hannuwa a buɗe, mutum uku na kallon bayansa. Riga ta bushe fara fat. Sidi Yunus ya taso ya danna kujera da babban yatsa, ta lotsa ta dawo. Ya nemi tsagar, sai da Lurwanu ya nuna masa wurin. Sannan Sidi Yunus ya zagayo gaban motar. Ya ajiye mabuɗin a kan murfin inji kamar wanda ya manta, ya ce, “Jibi za mu koma Jidda, sun ba mu yarinyar. A wanke motar da ruwa. Ruwa kawai, ya Hajji.” Da yamma aka sauko wa Dauda da rigar nan mai zanen kujera, aka ce ya riƙa goge mota da ita. Shatu ta kwance tukwanenta. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan da ya tafi da rabin rufin tsohuwar bukkarsu.

Yau shekara tara ke nan. Suna nan a ɗakin, lallen Shatu ya fi taga tsawo. Attajiran da kujerun motocinsu suka farfashe su ke aiko masa da su yanzu, yana gyara musu da rana a wani fili ta wajen unguwar Mansur. Man shanun bai daina ba, sai dai abin da kan yatsa ya ɗauka, gauraye da kaki, da tsakar rana, kuma babu mai zama sai shi ya fara zama da farar riga. Motar Sidi Yunus an sake mata inji, an sake mata fenti, ba a taɓa kujerunta ba.

Duk da haka sunan bai sake shi ba. Shekaranjiya muna shan shayi a Jarwal ya shigo, sai Lurwanu ya tashi da sauri yana kakkaɓe bayan rigarsa.

“Jama'a, kowa ya duba inda ya zauna, Abu Samin ya iso! Baba Dauda, kyanwoyin Jidda suna gaisuwa, sun ce yaushe za ka sake aiko musu da dattawa?”

Dauda ya zauna, ya jawo kofi, ya hura, ya kurɓa. Sannan ya ce, “Lurwanu, rigunan nan uku ina suke yau? Ɗaya a hannuna ta ƙare, ko tsumman babu. Kujerar kuwa tana nan, je ka danna ka ji. Ni dama fata aka ba ni amana, ba a ba ni riga ba.”